Takalman Katako Don Ƙafar Shino

Osaka, 9 ga Afrilu

Zuwa ga jikata Suzune,

Furannin bakin kogi sun fara zuba, iska tana kwaso su har ƙofar shago. Ina fata sanyin Sendai ya sake ki. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Likita ya ce in rage gishiri. Na ce masa to.

Kafin komai, ki duba takardar nan da kyau. Babu jan alƙalamin Malama Ueshima a ko'ina. Shekara uku ke nan ina zuwa makarantar yamma ta yaƙi da jahilci, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta ban kai mata ta gyara ba. In kin ga kuskure, nawa ne ni kaɗai. Ina da shekara saba'in da tara, yau na sami kuskure na kaina.

Akwatin ya iso ranar Talata. Na san ranki bai so aiko da 'yar tsanar taki gaba ɗaya ba, kin fi son ki aiko da awon ƙafarta a takarda. Amma shekara hamsin ina sassaƙa takalman katako, ban taɓa yi wa ƙafar da ban ga tsayuwarta ba. Kuma shekara shida rabon da wani ya shigo ya ce in yi masa takalmi, don haka ki bar ni in yi wannan yadda na saba.

Na ɗauka irin ta roba zan gani. Da na buɗe sai na ja kujera na zauna. Tsawonta ya fi kamu guda. Gwiwarta tana lanƙwasa, wuyan hannunta yana juyawa, duk gaɓa da ɗan dunƙule a ciki, igiyar roba kuma ta ratsa jikin ta riƙe su. Na bi takardarki na buɗe ƙeyarta, na ga yadda kika manna idanun gilashi daga ciki. Girar nan ke kika ja ta da hannu? Na sa tabarau biyu na ƙirga, gashi ɗaya ɗaya ne. Kuma an raba mata babban yatsan ƙafa da sauran, daidai inda maɗauri zai shiga. Ƙafar ba ta kai yatsana na tsakiya tsawo ba. Sannu da zuwa, Shino, na ce mata. Ban taɓa fuskar ba, kuma ba ta ganin rana, kamar yadda kika ja kunnena.

Na zaunar da ita a tagar shago, wadda ke kallon arewa, don in riƙa ganinta ina aiki. Tsohuwa Pak, wadda muke benci ɗaya a aji, ta biyo daga kasuwa ta leƙo.

"Tomezo, da tsufanka ka koma wasan 'yar tsana? Ashe ƙuruciya ba ta gama da kai ba."

"Ta jikata ce, ke kuma. Baƙuwa ce, takalmi ta zo yi."

"Ai wannan 'yar anime ce. Irinsu jikokina ke kallo a katun na talabijin, sai shinkafa ta huce a gabansu."

Kafin la'asar 'yan makaranta sun cika bakin taga, har da iyayensu. Rabon da in ga mutum ya tsaya a gaban shagon nan tun kakarki Fumie tana raye. Kowa tambaya yake yi, ni kuma bakina ya gaji. Sai na ɗauko allo da buroshi na rubuta: 'Yar anime ta jikata Suzune. Na kafa a gefenta.

Suzune, duk wani allo da aka taɓa kafawa a shagon nan, kakarki ce ta rubuta. Wannan nawa ne. Mutane suna tsayawa su karanta, kuma abin da na nufa shi suke karantawa. Na fita waje na tsaya cikinsu sau huɗu. Ga hoto na haɗo miki.

Tambaya ɗaya: a wane anime Shino take fitowa, kuma ƙarfe nawa ake nunawa? Ina so in kalla, in san halinta kafin in zaɓi launin maɗauri.

Kakanki,
Tomezo

*

Sendai, 15 ga Afrilu

Kaka,

Na ji daɗi da kana lafiya. Ka bi maganar likita, na san irin "to" ɗinka. Ni ma lafiya, aiki ne ya yi yawa a wurin haɗa haƙoran roba.

Na ga hoton. Don girman kakata ka cire allon nan yau. Shino ba 'yar anime ba ce, ba ta fitowa a ko'ina, babu ƙarfen da ake nuna ta. Kuma ga sunana a jiki, a kan titi, kowa yana ɗauka a waya.

Ban aiko ta don a yi kallonta ba. Laifina ne da ban faɗa ba. Ka mayar da ita akwatinta yadda ta zo, soso a fuska, hannuwa a naɗe, ka aiko mini kafin ƙarshen wata. Maganar takalmi a bar ta kawai, zan nemi na kanti.

Ka gaishe da Tsohuwa Pak.

Suzune

*

Osaka, 27 ga Afrilu

Jikata Suzune,

Zafi ya fara leƙowa da rana. Gwiwa da sauƙi. Ina fata aiki ya lafa.

Na cire allon tun ban gama karanta wasiƙarki ba. Yana bayan kabad, fuskarsa a bango. Shino ma ta bar taga, tana kan teburin aiki.

Kwana biyu ban je aji ba. Na ɗauka rubutun ne ya ba ki kunya, na ce wataƙila karkatattun baƙaƙena ne suka sa aka yi miki dariya. Rana ta uku na naɗe allon a zane na kai wa Malama Ueshima. Ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya, har ta yaba yadda na ja sunanki. Na ce to, ashe ba hannun ne ya yi laifi ba, maganar ce. Kuma ni maganar ban san ta ba, a bakin Pak na tsince ta.

Saboda haka ranar Lahadi na ce mata, "Ke kika jefa ni rami, tashi ki raka ni." Muka hau jirgi zuwa Nipponbashi, inda kantunan anime suke. Tana ta mita a hanya wai na hana ta ciniki.

Bene huɗu muka hau, gilasai cike da gumakan 'yan anime. Na roƙi mai kanti ya fito mini da ɗaya. Na juya ta, na duba ƙasa. Ƙafar da takalmin abu ɗaya ne, tare aka zuba su, kuma an kafe ta a kan faranti. Hannun da ta ɗaga, haka zai zauna har abada. Na ce, "Irin wannan guda nawa ne?" Ya ce dubbai, fuska ɗaya. Ya faɗi sunanta, ya faɗi garinsu, har da wanda take so. Na ce a raina, wadda ba ta cire takalmi ba ta da abin yi da ni. Na ce wa Pak, "Kin gani? Ba ɗaya ba ne."

"Ido ƙato, baki kamar na kifi, ƙugu kamar zanzaro. Me ya raba su?"

"Idon Shino bai kai haka ba."

"Kai da idonka ba ya ganin allo sai ka zauna a gaba?"

Na fito ina jin na gama gane komai. Sai a shagon shayi na ƙasa muka tarar da wata mata, za ta yi arba'in, ta zaunar da 'yar tsana a kujerar gefenta. Mai gaɓoɓi ce, girman Shino, gwiwa da wuyan hannu duk iri ɗaya. Amma gashinta kore ne, idanunta sun cinye rabin fuska. Na cire hula na ce ta yi haƙuri, tsoho ne mai tambaya.

"'Yar tsanar nan taki, in mutum ya ce mata 'yar anime, zagi ne?"

Ta yi dariya. "Baba, ai anime ce. Don haka na kawo ta gida. Shekara biyu ina jiran wannan fuskar."

"To jikata ta yi fushi da na kira tata haka."

"Ita ta zana fuskar da kanta?"

Na ce ita ce.

"To ka taɓo inda ke ciwo," in ji ta. Ta ƙi ƙarawa, wai ba ta shiga tsakanin kaka da jika.

Pak ta sha shayinta ta ce, "Mun hau bene huɗu mun sauko da jahilcinmu."

Ga inda nake, Suzune. Jiki ɗaya, igiya ɗaya, wata tana murna da sunan, ke kina jin zafinsa. Ba musu nake ba, so nake in sani. Na shekara saba'in ina gyaɗa kai a kan abin da ban gane ba, don kada a gano ni. Yanzu na daina.

Ban aiko ta ba tukuna. Na riga na yanka itacen kafin wasiƙarki ta zo, mai sauƙi ne, ya shekara goma sha biyu yana bushewa a saman rufi. Ban sa masa wuƙa ba kuma, sai kin ce. Ki amsa mini tambayata, in kin sake cewa in aiko ta ba takalmi, washegari tana hanya.

Kakanki,
Tomezo

*

Osaka, 4 ga Yuni

Suzune,

Damina ta kusa, gwiwa ta sanar. Ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Mako biyar ke nan. Kullum in ji babur ɗin mai wasiƙa sai in fito, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na ɗaga waya sau biyu na ajiye. A waya za ki ce ba komai, ni ma in ce ba komai.

Na gane bai kamata in riƙe abinki don in sami amsa ba. Wannan halin 'yan garkuwa ne. Na mayar da ita akwati, soso a fuska, hannuwa a naɗe. Ranar goma ga wata zan kai ta gidan waya. Gutsattsarin itacen biyu zan sa su a ciki, ko wani zai ƙarasa miki a can.

Tomezo

*

Sendai, 7 ga Yuni

Kaka,

Kada ka kai ta gidan waya. Wannan na fara rubutawa don kada ka tsaya a layin farko ka ɗauki hula.

Lafiyata ƙalau. Kunya ce ta riƙe ni. Ka aiko mini wasiƙarka ta farko, ka ce in duba, ni kuma na tsallake na hau faɗa. Da na karanta cewa ka naɗe allon ka kai wa Malama, na kasa ɗaukar alƙalami. Rubutunka ya fi nawa tsayuwa, Kaka. Ko a hoton, abin da na fara gani ke nan, kafin in ga kalmar.

Amsar tambayarka na yi ta sau uku ina yagawa, don ba ta fita tsaf.

In mutum ya ga Shino ya ce anime, tambayar da ke biyowa ita ce, wace ce? Suna yake jira, wanda ya sani daga talabijin. In na ce ba kowa ba ce, sai ya ce au, ya juya. Kamar ya ɗaga murfin tukunya ya tarar babu komai. Alhali sau goma sha ɗaya na wanke fuskar nan na sake zanawa. Shekara huɗu ina neman yadda bakinta zai yi kamar tana shirin magana amma ta fasa. Ɗigon da ke ƙarƙashin idonta na hagu, wata biyu na yi ina tunanin inda zan sa shi. Wadda kuka gani a gilashi tana da gari da masoyi, wani ya rubuta mata, duniya ta sani. Labarin Shino ni kaɗai na sani, kuma ban gama shi ba.

Akwai kuma na wurin aiki. Bara wani ya ga hotonta a wayata. Tun daga ranar sunana ya koma 'yar katun. In haƙorin da na haɗa ya yi fari da yawa, sai shugabanmu ya ce, "Wannan na mutum ne, ba na anime ba." Ina da shekara talatin da ɗaya, kuma na fi su hannu duka.

Amma ga abin da ya sa nake yagawa. Ina kallon anime, Kaka. Duk mako. 'Yar tsanata ta farko ma saboda wani shiri na saye ta. Ƙawata Mayu irin ta matar shagon shayi take tarawa. In mun je taronmu na wata-wata, tebur biyu ake yi ba tare da kowa ya ce a yi ba: masu manyan idanu can, mu nan. Mu mukan ce namu aikin hannu ne. Su sukan ce muna ɗaga hanci, wai mun ci abinci mun raina tukunya. Mayu ta ce mini, "Ke abin da ke ƙona ki, kada a haɗa ki da mu." Akwai gaskiya a ciki, ko da ba duka ba. Ita ma tana ɗinka wa tata riga har yatsunta su huje.

Ka ga ba ni da amsa mai kai ɗaya. Abin da na sani, ina so a dube ta tukuna kafin a sa mata suna.

Batun takalmi. A watan Oktoba ƙungiyarmu za ta yi nuni a wani ƙaramin ɗaki a nan. Ina so Shino ta tsaya da ƙafarta, ba sanda a bayanta. Duk takalmin kanti da na sa mata, sai ta karkata ta faɗi. Da na ce zan nemi na kanti, fushi ne, na riga na gwada bakwai. In ba ka yi zuciya ba, ka fito da ita. Maɗauri ja mai duhu. Ba ta da hayaniya, amma tana da taurin kai, ka san inda ta gado.

Jikarka,
Suzune

*

Osaka, 2 ga Yuli

Jikata Suzune,

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, wanki ya ƙi bushewa. Ban san halin da gwiwa take ciki ba, ban sami lokacin tambayarta ba.

Ta tsaya.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Na farko da na sassaƙa, ta karkata kamar yadda kika ce, kuma hagu ta yi. Na biyu ma haka. Sai na ajiye wuƙa na tsayar da ita ba takalmi a kan gilashi, na kwanta rub da ciki ina duba ƙasan ƙafar, kwana biyu ina wannan. Igiyar ƙafarta ta hagu ta fi ta dama ɗauri, tana jan diddige sama, bai fi kaurin takarda biyu ba. Takalmin kanti ba ya sanin wannan, don ba don ita aka yi shi ba. Katako biyu da ke tokare ƙasan takalmi haƙora muke ce musu, sai na bar haƙorin baya na hagu ya fi na dama tsawo da daidai wannan. Ido ba zai gani ba. Na ɗaura maɗauri, daga wani tsohon ƙyallen siliki na yanko, na sa mata, na janye hannuna a hankali. Na tafi na dafa shayi, na sha, na dawo. Tana nan tsaye.

Na aika aka kira Pak. Ta shigo da lema tana ɗiga, ta zagaya teburin, ta buga shi da tafin hannu. Shino ko gezau.

"To," in ji ta. "Ta fi ka tsayuwa."

"Har yanzu anime ce?"

Ta sunkuya ta daɗe tana kallon fuskar. "Wannan kamar tana da magana a baki. Wa ya ɓata mata rai?"

"Tambayi jikata."

"Ni dai idon ya yi mini girma," ta ce, don kada ta fita ba ta ci ni ba.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Ba zan ce na gane duka ba. Tebur biyun nan ya tsaya mini a rai, kuma ina jin Mayu tana da rabin gaskiya, kamar yadda kika ce. Amma ɗayan rabin na gane shi da cikina a ƙasa. Ban san diddigen nan ba sai da na daina sanin komai na tsaya kallo. Shugabanku kuwa, ki bar shi, wata rana haƙoransa za su zo teburinki.

Yanzu ga magana. Ba zan kai ta gidan waya ba. Haƙoran takalmin sirara ne, kuma teburin nuninku ba irin nawa ba ne, sai na gan ta a tsaye a ɗakinki in gyara abin da ya rage. Ni zan kawo ta. Na je tasha na sayi tikiti, na cike takardar da kaina. Ranar Asabar, sha biyu ga wata, zan sauya jirgi a Tokyo, in iso wajenki ƙarfe uku da kwata. Ban taɓa wuce Nagoya ni kaɗai ba, don da ba na iya karanta sunan tasha. In kin ga ban sauka ba, na zarce arewa, ki kai ƙarar Malama Ueshima.

Ki gayyato Mayu da tata. Ina so in ga ƙafarta.

Akwatin ba zai hau saman kaya ba, a cinyata zai zauna, kuma na san ni, ba zan iya awa biyar ban buɗe na leƙa ba. Wani zai gani. In ya ce wace anime ce wannan, zan matsa masa in ce ya zauna, tafiyar da nisa.

Kakanki,
Tomezo